Ruwan Farko a Rufin Mushe Timoti

Talle ya gama ginin ranar Alhamis, kwana biyar bayan sallar layya, a shekarar da aka karya darajar sefa. Ya wanke cokalin gini a ragowar ruwan garwa, ya goge shi da bakin rigarsa, sannan ya ja baya har tsakiyar hanya don ya ga gidan gaba ɗaya. Ɗaki uku da zaure, tubalin laka, an shafe waje da siminti. Rufin azara ne da ƙasa, ya daɓe shi da makuba sau biyu, ya kafa indararo huɗu. Tun lokacin sanyi yake kansa.

Gidan na Mushe Timoti ne, malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, mutumin kudu, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana haya a birnin Tawa. Sun shirya kuɗin hannu jikka ɗari da ashirin, kowace jikka sefa dubu. An biya tamanin a gutsure-gutsure, saura arba'in ranar da aka gama.

Arba'in ɗin nan suna da wurin zuwa. Bara damina ta yanke da wuri a ƙauyensu Talle, can bayan Kalfu, gero ya bushe da ciki. Kafin sanyi ya shigo, rumbunsa ya koma wurin kwanan kaji. Sai ya jinginar da gonar da ya gada wurin taubashinsa Tanko a kan jikka talatin da biyar, ya sayi hatsi ya bar wa matarsa Raƙiya da 'ya'ya, ya taho birni cin rani. Ka'idar jingina a can kowa ya san ta. In ka kawo kuɗi kafin shibka, gona ta dawo hannunka. In wanda ke riƙe da ita ya riga ya zuba iri, amfanin shekarar nasa ne, ko da ka iso da kuɗin ƙafarsa na kan ramin farko.

Bayan la'asar Mushe Timoti ya iso a bayan mobilet, ɗan ƙaramin babur na abokinsa Rashidu. Shi Rashidu ɗan gari ne. Ya taɓa yin shekara biyu yana riƙe wa wani ɗan kwangila takardu a Yamai, tun daga nan duk mai gini a unguwar shi yake kira ya duba masa. Bai gaida Talle ba. Ya zare makullin mobilet ya shiga bin bango yana ƙwanƙwasawa, yana kara kunne kamar mai sayen tukunya.

"Maso," ya kira Talle, wato magini da Faransanci, "zo nan. Wanga mi ne?"

Bisa ƙofar ɗakin tsakiya akwai wata tsaga siririya, tsawon taƙi ɗaya. Ko tsinken tsintsiya ba zai shiga ba.

"Tsagar shafe ce, Mushe," in ji Talle. "Siminti bisa laka in ya sha rana haka shike yi. Ba ta kai ga tubali ba."

"Yau ba ta kai ba."

Rashidu ya wuce ɗakin ƙarshe ya ja ƙyaure. Gindinsa ya ɗan goge ƙasa, ya bar zane a daɓe. Ya sake ja, ya sake turawa, har sau uku, yana kallon abokinsa.

"Timoti, ginin ƙauye anka yi maka da kuɗɗin birni. Su can in ɗaki bai hwaɗo bisa jaki ba, sai a ce magini ya iya."

Mushe Timoti ya yi 'yar dariya, irin ta wanda bai tabbata ko da shi ake ba. Talle kuwa kunnuwansa suka ɗau zafi. Shekara ashirin da shida yana gini, daga Kalfu har Affala akwai ɗakunansa a tsaye.

"Mushe," ya ce, "garinmu magini ba shi yabon kansa. Ruwan hwarko ne shaida. Ni da mai ɗaki mu zamna ƙarƙashin ruhi, in ɗigo guda ya sauko, ban ci kuɗɗina ba."

Magana ce da kowane magini ke faɗi a ƙauye ranar da ya sauko daga tsani, kamar yadda ake cewa Allah ya sa a shiga lafiya. A can an riga an biya shi, da hatsi ko da akuya, gidansa kuma kira ɗaya ne daga ɗakin da ya gina. Bai taɓa jin wanda aka riƙe da ita ba.

Rashidu ya tafa hannu.

"Wala! Ka ji da kunnenka, Timoti. Ba ni na hwaɗi ba. Shi da bakinsa. Ruwan hwarko."

Washegari Talle ya sayi siminti rabin tiya da kuɗin abincinsa, a farashin da ya ninka na bara. Ya buɗe tsagar da bakin wuƙa, ya jiƙa ta, ya cike, ya goge har sai mutum ya sa hannu kafin ya gane wurin. Ya ciro ƙyauren ya kai wa kafinta aka rage gindinsa. Ranar Asabar ya je gidan da Mushe Timoti ke haya.

Ya tarar da matar malamin, Madam Murna, tana suyar ƙosai a ƙofar gida. Wata uku ke nan ba a biya malamai albashi ba, ƙosan nan ne ke riƙe da tukunya. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta zuba masa guda biyar a takarda.

"Baba Talle, ci da zafinsu. Na je na ga gida jiya. Allah ya yi wa hannunka albarka."

Mushe Timoti ya fito da zane a kafaɗa, lakwal na yajin aiki. Talle ya gaishe shi, ya gaya masa an gyara tsaga, an gyara ƙyaure. Sannan ya sunkuyar da kai ya ba shi labarin gonar tun daga farko, abin da bai taɓa gaya wa kowa a birni ba.

Mushe Timoti ya saurara har ƙarshe. Shi ba mutum ne mai tsawa ba. Ya ce, a hankali, kamar yana bayani ga 'yan aji:

"Na ji, Talle. Amma ka duba nawa. Gidan nan shi kaɗai zan gina a rayuwata. In na ba ka arba'in yau, gobe kana Kalfu. Ruwa ya sauko, ruhi ya zuba bisa kaina, wa zan kama?"

"Ka aiko, Mushe. Rabin yini ne."

"In aiko wa? Da wane kuɗɗin mota? Kuma ai ba ni na kawo zancen ruwan hwarko ba."

"Zancen baki ne, Mushe. Haka muke cewa."

"To ni malami ne. Abin da mutum ya ce shi nike rubutawa." Ya gyara zanensa. "Gona ba tashi take ba. Ka yi haƙuri kwana kaɗan."

Madam Murna ta juya ƙosai ba ta ɗago ba.

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Tawa, Talle ya je wajen da motocin Kalfu ke tsayawa ko zai sami mai kai saƙo gida. Sai ga Tanko da kansa, zaune a kan buhu, yana cin tsire. Tsakanin taubasai wasa halal ne, Tanko kuma bai taɓa barin nasa ya kwana ba.

"A'a! Ga bawana! Mai gina wa mutanen birni soro, shi ko rumbunai kaji ka kwana ciki. Zo, zo ka ci albarkacin ubangidanka."

Ya miƙa masa tsinken da saura yanka ɗaya. Mutanen da ke wurin suka yi dariya, Talle ma ya yi, don ba a fushi da taubashi a gaban jama'a.

"Tanko, kuɗɗinka sun samu. Kwana kaɗan ya rage a ba ni."

"Madalla. Kawo."

"Na ce kwana kaɗan."

"To ni ma kwana kaɗan ya rage mini." Ya buga buhun da yake zaune a kai. "Ka san mi ne wanga? Iri. Na gonarka na saya, don ta hi tawa cin iri. Ƙasa mai kyau, wallahi, Allah ya jiƙan kawu, ya san wurin da zai sare."

"Don zumunci, in ruwa ya sauko ka ba ni kwana biyu."

"Kwana biyu? Laima na jiran zumunci? Kai manomi ne, ka sani. Ruwa ya sauko yau, gobe da hantsi in ban gan ka ba, in shiga." Ya lashe yatsunsa. "Kada ka damu, in na yi girbi zan aiko ma da kara ka yi darni."

Aka sake dariya.

Daga ranar Talle ya koma mai kallon sama. Yana kwana a zauren sabon gidan, don Mushe Timoti ya ce ba za su tare ba sai an ga ruwa. Da safe ya bi wuraren gini ko za a ɗauke shi aikin yini, wani lokaci a samu, wani lokaci a ce siminti ya yi tsada an tsaya. Da rana ya hau rufin ya duba gabas. Abin da yake roƙo shi kansa ya san baƙon roƙo ne a bakin manomi: ruwa ya fara sauka a birni, ya bar ƙauye a bushe.

Kwana goma sha ɗaya aka yi haka. Ranar na sha biyu, bayan azahar, gabas ta yi baƙi. Iska ta tashi ta kwashe ledoji da zanen shanya, mata suka fito da tukwane da bokitai suka jera ƙarƙashin indararo. Aka yi tsawa biyu. Talle ya tsaya a kan rufin yana kallon hadarin ya sauke ƙafafunsa can nesa, daidai inda ya san Kalfu take. Sannan iska ta juya. A Tawa ɗigo bai kai goma a tafin hannu ba. Mata suka kwashe tukwanensu suna tsaki.

Kafin la'asar sakaliya wata motar kaya ta shigo daga hanyar Kalfu, tayoyinta sun yi dumu-dumu da jar laka. Talle ya tare direban.

"Har ina ya kai?"

"Har bayan garinku. Gwiwar hannu na tona ban iske busasshiyar ƙasa ba. Gobe ko kare ba ka gani cikin gari, kowa na daji."

Ya tafi gidan haya da gudu-gudu. Ya iske Mushe Timoti da Rashidu suna shan shayi a inuwar bango.

"Mushe, ruwan hwarko ya sauka."

Rashidu ya ɗaga kai ya dubi sama, ya miƙa tafin hannu, ya juya shi.

"Ina?"

"Kalfu."

"A Kalfu ka gina gidan?"

Talle ya wuce Rashidu. Ya durƙusa gaban Mushe Timoti, mutumin da ya girme wa da shekara goma.

"Ruwa kake son gani bisa ruhi. To zan kai mishi ruwa. Ku zo ku tsaya cikin ɗaki."

Abin da ya rage a aljihunsa duka ya ba 'yan ga-ruwa biyu, suka yi ta jido garwa daga famfon unguwa suna ajiyewa a gindin tsani. Shi kaɗai yake hawa da su. Garwa a kafaɗa, hannu ɗaya a tsani, ya kai sama ya sheƙa, ya sauko ya ɗauki wata. Mutanen unguwa suka taru. A garin da mata ke bin layin famfo tun asuba, ga wani yana shayar da rufi. Wata tsohuwa ta ce a kama shi, rana ta taɓa shi. Wasu suka kawo kwanoni suka tara a bakin indararo, don kada ruwan ya tafi a banza.

Garwa ashirin da huɗu ya hau da ita. A ta ƙarshe rigarsa ta manne da jiki. Ya sauko ya shiga ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, Mushe Timoti na biye da shi, Madam Murna ma ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Ya ɗaga hannu ya shafa azara, ya nuna musu tafinsa. A bushe. Ɗaki uku da zaure, ko ɗigo.

"Alhamdu lillahi," in ji Talle. "Ka gani, Mushe."

Mushe Timoti ya buɗe baki, sai muryar Rashidu ta taso daga bayan gida.

"Timoti! Zo ka ga ikon Allah."

Ƙarƙashin indararo na bayan gida ruwan da ya zubo ya fantsama, ya bar jan zane na ƙasa a jikin shafen, daga sama har ƙasa.

"Indararo ya yi gajere," in ji Rashidu. "Ruwan garwa ma ke nan. Ina ga na sama, mai iska? Damina guda bangon ga ya narke."

"Ƙurar ruhi ce ta wanko," in ji Talle. "Sabon daɓe dole ya zubda ja a ruwan hwarko. In ya bushe da tsumma ake gogewa."

"To sai ya bushe mu gani. Yanzu rana ta hwaɗi, ba a duba gini da magariba."

Madam Murna ta matso kusa da mijinta. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma wurin ya yi shiru, kowa ya ji.

"Baban Mariya, kuɗin nan suna cikin akwati tun watan jiya. Ka ba bawan Allahn nan ya kama motar yamma."

Wani daga cikin masu kallo ya yi dariya. Rashidu ya ce, "Ashe madam ce ke da gidan. Da an gaya mini da ita zan yi magana."

Fuskar Mushe Timoti ta canza. Ya dubi matarsa, ya dubi jama'a.

"Koma gida," ya ce mata. Ga Talle kuma ya ce, "Gobe da sahe. In Rashidu ya duba."

Motar yamma ta tashi ba da shi ba.

Da gari ya waye Talle ya riga ya goge bangon da rigarsa, jan zanen ya fita, saura ɗan alama kamar inuwa. Ya zauna a gindin tsani yana jira. Rana ta fito. Ta hau bisa katangar maƙwabta. Mushe Timoti ya zo wajen ƙarfe takwas da ambulan a aljihu, ya tsaya nesa kaɗan, yana duba agogo. Rashidu bai iso ba sai goma ta wuce, ya ce mobilet ce ta ƙi tashi. Ya zagaya gidan sau biyu. Ya auna indararo da taƙinsa.

"Huɗun duka sai an sake su. Da kuɗɗin kwano, da na mai sawa, da buhun siminti na gyaran bango nan gaba. A cire bakwai."

"Mushe," in ji Talle, "talatin da biyar nike bukata. Cire biyar. Na yahe biyar."

Mushe Timoti ya dubi Rashidu. Rashidu na goge madubin mobilet.

"Bakwai ya ce. Shi ya san aikin." Ya zare takardu daga ambulan ya mayar aljihu, ya miƙa sauran. Bai yarda sun haɗa ido ba. "In damina ta wuce lahiya, ka zo mu yi magana."

Talle ya karɓa. Ya ɗauki cokalinsa da igiyar awo ya tafi tasha.

Babu mota sai ta azahar, don duk masu zuwa ƙauye sun tafi tun jiya. Ta sauke shi a Kalfu, ya ƙarasa da ƙafa. Hanya duk ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, hagu da dama mutane ne a sunkuye, maza na sara da sungumi, mata na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Bai shiga gari ba, ya yanke ta bayan rijiya ya nufi gonar.

Tun daga nesa ya ga layukan ramuka, a miƙe, daga gawon da ke bakin iyaka har gangaren kwari. An gama fiye da kashi uku cikin huɗu. Tanko na zaune a inuwar gawon da goran fura. 'Yan ƙwadago biyar ne ke aiki. Ta uku a layi, mai ƙwaryar iri a hannun hagu, Raƙiya ce.

"Bawana ya iso!" in ji Tanko. "Na jira ka har rana ta kai nan, wallahi, tambayi kowa. Nawa ka kawo?"

Talle ya dubi layukan ramukan.

"Nawa?"

"Talatin da uku."

Tanko ya kwashe da dariya har fura ta sarƙe shi.

"Ashe ko da asuba ka zo ba ta fansuwa! To riƙe abinka, kada su ɓace. Bayan girbi ka cika ka kawo. In sun kai bayan girbi."

Raƙiya ta kai ƙarshen layinta sannan ta taho. Ƙafafunta sun yi kauri da laka. Ba ta gaishe shi da hanya ba, ta tsaya gefensa tana kallon ramukan.

"Tun shekaranjiya ba a ɗora tukunya ba," ta ce. "Tanko ya ce tiya guda ta gero ga wanda ya yini. Na ce in wata za ta ci tiyar nan a gonarmu, gara ni."

"Ta iya shibka, matarka," in ji Tanko. "Ta san gonar kamar ɗakinta, ko nuna mata iyaka ban yi ba." Ya tura wani sungumi da ƙafa, ya faɗi gaban Talle. "Mai shi ya tahi, ciki ya murɗe shi. Saura layi goma sha biyu, laima na gudu. Rabin tiya zan ba ka, tun da rabin yini ya wuce."

Talle ya dubi sungumin. Ya dubi Raƙiya. Ta kawar da kai, ta gyara riƙon ƙwaryarta.

Ya ajiye cokalin gini da igiyar awo a gindin gawo, ya tura kuɗin can cikin aljihun wando, ya ɗaure bakinsa. Ya ɗauki sungumin ya je inda layi ya tsaya. Ya sara, ya taka, ya sara. Raƙiya ta biyo bayansa tana jefa iri.

"Matsa ramukan kusa-kusa," Tanko ya ɗaga murya daga inuwa. "Ba gonarka ba ce da za ka yi mini rowa."